Ruwan Kurkure Baki Ba Zai Wanke Laifin Sukari Ba

Wata ɗabi'a ta shigo gidajenmu, musamman a birane, kuma ta isa a tsawatar a kanta. Mutum ya ji bakinsa na wari, ko ya ga jini a buroshi, ko haƙori ya fara sara masa in ya sha ruwan sanyi. Maimakon ya tsaya ya duba abin da yake ci, sai ya nufi kemis ya sayo kwalbar ruwan kurkure baki, kore ko shuɗi. Ya kurkura, ya tofar, ya ji raɗaɗi da ƙamshin na'ana'a, shi ke nan wai ya yi magani. Bai bar layinsu ba ya zauna a bencin mai shayi, ya ce a zuba sukari cokali huɗu, a ƙara madara. An bar jaki ana dukan taiki.

Malam, ka san asalin abin da kake saye kuwa? Listerine, wanda ya fi kowanne suna, a 1879 aka haɗa shi a Amurka, kuma don kashe ƙwayoyin cuta wajen tiyata aka yi shi. Sai a shekarun 1920 kamfanin ya cika jaridu da tallan da ke tsorata mutane cewa warin baki ne ya hana su aure, shi ya kore musu abokai. Da wannan tsoro cinikin ya bunƙasa. Har iƙirarin hana mura suka daɗe suna yi, sai da hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta tilasta musu a shekarun 1970 suka faɗa a cikin tallansu cewa ruwan ba ya hana mura ko ciwon maƙogwaro.

Ruwan yana da wurinsa, ban musa ba. Likitan haƙori kan rubuta mai sinadarin kulohekzidin bayan cire haƙori ko in dasashi ya kumbura, na mako ɗaya ko biyu. Wanda ya zarce da shi don ganin damarsa, haƙoransa da harshensa za su rine su yi ruwan ƙasa, ɗanɗanon abinci ma ya gurɓace masa. Mai fuloraid yana taimakon wanda haƙoransa ke yawan ruɓewa. Amma dauɗar nan mai yauƙi da ke manne a gindin haƙori ba ta jin kurkura. Sai an goge ta, da buroshi ko da asuwakin da Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da mu a kansa. In aka bar ta ta daskare, to sai likita ya kankare da kayan aikinsa. Wasu kwalaben kuma barasar da ke cikinsu ta haura kashi 20 cikin 100, ita ce ke sa raɗaɗin da kake ɗauka alamar aiki ce. Sannan mai kurkurewa nan take bayan goge baki, ya wanke fuloraid ɗin makilin ke nan, alhali na makilin ya fi na kwalbar ƙarfi. Ka goge, ka tofar, ka bar sauran ya yi aikinsa.

Yanzu ga inda ɓarnar take. Babu wata tsutsa da ke cin haƙori, ko da an nuna maka ita a kasuwa. Ƙwayoyin cuta ne ke zaune a baki, abincinsu sukari. Da zarar zaƙi ya shiga, cikin 'yan mintoci sun mai da shi sinadari mai tsami, shi ne ke zaizayar farin rufin haƙori. Miyau kan gyara ɓarnar, amma yana buƙatar rabin awa zuwa awa guda kafin bakin ya daidaita. To ka lissafa yininka. Shayi da safe, lemon kwalba da hantsi, alawa a mota, zoɓo mai zaƙi bayan la'asar, wani shayin a majalisa, ana kurɓa ana hira har dare ya raba. Yaushe miyau ya sami sararin gyara? Yawan maimaitawar ya fi komai cin haƙori.

Da tsada aka gano wannan. A wani bincike da aka yi daga 1945 zuwa 1953, a asibitin masu taɓin hankali na Vipeholm da ke Suwidin, an riƙa ba marasa lafiya alawa mai danƙo tsakanin abinci da abinci don a ga abin da zai faru. Haƙoransu suka lalace, fiye da na waɗanda ake ba sukarin lokacin cin abinci kawai. Zalunci aka yi wa bayin Allah nan, ba su san me ake yi da su ba. Mu kuwa da hankalinmu, da kuɗin aljihunmu, muke yi wa kanmu irin wannan gwaji kullum.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a ci da sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kamar ƙaramin cokali 12 ga baligi, kuma in ya sauka zuwa 6 ya fi. Kwalbar lemo guda ta kusa cokali tara. Harajin naira 10 da Najeriya ta sa kan kowace lita ta lemon zaƙi a 2022 bai kai ya sa kowa ya fasa saye ba, don haka kada wani ya jira gwamnati ta tsare masa bakinsa.

Ku iyaye, a nan maganata ta fi zafi. Hajiya, ke ce ke zuba shayi mai sukari a fida ki sa wa yaro a baki ya yi barci da shi, alhali cikin barci miyau raguwa yake yi, zaƙin ya kwana yana cin haƙora. Alhaji, kai ne ba ka shigowa gida sai da ledar biskit da cakulan, kana ganin ƙauna ce. In haƙoran yaron suka yi baƙi, sai ku ce ai zai famfare. Yaron da ya kwana yana kukan ciwon haƙori bai san da zancen famfara ba. Kuma ku sani, wajen shekara shida akwai turmin da ke fitowa can ciki, a bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Wannan na dindindin ne, in ya ruɓe babu mai maye gurbinsa. Shi ne kuke zuba wa ido yana yin kogo. Sannan a ɗauko ruwan kurkure baki a miƙa wa ɗan shekara huɗu, wanda haɗiyewa zai yi! Ba a ba yaron da bai kai shida ba. Ku ba shi gyaɗa, ku ba shi nono ba sukari, ku ba shi ƙwai da 'ya'yan itace, zaƙi ya tsaya a lokacin abinci, a bi shi da ruwa. Ku tsaya a kansa ya goge baki safe da dare.

Ku ma masu kemis da laifinku. Mutum ya zo muku da dasashi na zubar da jini wata da watanni, kun san ƙamshi ba ya tsayar da jini, kuka miƙa masa kwalba kuka karɓi kuɗi. Ciwon dasashi a hankali yake cin ƙashin da ke riƙe da haƙori har ya fara girgiɗa, kuma a jikin mai ciwon suga ya fi tsanani. Wanda ya zo muku da jini, ko kumburi, ko warin da ya ƙi tafiya duk da gogewa, ku ce masa ya je wurin likitan haƙori a duba shi, a auna masa suga. Kwalbar ku bar ta a kan kanta sai ya dawo da takardar likita.