Kanu ya tsira, Idahor bai tsira ba

Ranar 6 ga Maris, 2010, ɗan wasan Nijeriya Endurance Idahor ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙungiyarsa ta Al-Merrikh da ke Omdurman, ana tsakiyar karawa da Al-Amal ta Atbara. Zuciya ce ta tsaya. Ya rasu yana da shekara 25.

Duk mai sauraren ƙwallo a rumfar kasuwa ya san Nwankwo Kanu. A 1996, bayan ya ciyo wa Nijeriya zinare a Atlanta, likitocin Inter Milan suka gano lahani a zuciyarsa. Aka yi masa tiyata a Cleveland ta Amurka, ya yi jinyar watanni, ya koma fili. A 1999 ya zuba wa Chelsea ƙwallo uku cikin minti 15 a rigar Arsenal, kuma ya sake zama gwarzon Afirka. Jajircewarsa abin yabo ce, amma fa sai da likita ya ga ciwon tukuna ya samu abin da zai jajirce a kai.

Attajiranmu na Jibiya, Illela, Maraɗi da Ƙonni ba sa ƙyashin sayen riguna da kofi don gasar matasa; wani har da tukuicin babur. Muna kira gare su da su ware kaso daga kuɗin nan, a kai kowane yaro asibiti a auna zuciyarsa kafin alƙalin wasa ya hura usur.