Ƙauyen 1627: Harshen Wa Ake Ji?

A garin Plymouth na jihar Massachusetts a Amurka, akwai gidan tarihin da aka kafa a 1947, inda aka sake gina ƙauyen Turawan Ingila na shekarar 1627. Ma'aikatansa kan sa tufafin wancan zamani, su yi noma da girki, har su yi magana da Ingilishin ƙarni na 17.

A ganina aikin bai cika ba. A sashen Wampanoag, 'yan asalin ƙasar, da Ingilishin yau ake yi wa baƙi bayani. Harshensu ya shafe fiye da shekara 100 babu mai magana da shi, sai a 1993 Jessie Little Doe Baird ta fara farfaɗo da shi daga tsoffin takardu. 'Yan'uwa ɗalibai, ina amfanin gina bukkar mutane idan ba a ji harshensu a cikinta?