Harajin Trump Da Inshorar Mota: Wa Zai Biya?

A ranar 3 ga Afrilun 2025 ne gwamnatin Donald Trump ta fara karɓar harajin kashi 25 cikin ɗari a kan motocin da ake shigarwa Amurka, sannan a ranar 3 ga Mayu ta ɗora irinsa a kan kayan gyaransu. Daga baya an sassauta wa Japan da Tarayyar Turai zuwa kashi 15. Cewa aka yi ƙasashen waje ne za su ɗauki nauyin. Ni dai ban gamsu ba.

Kamfanin inshora ba ya ƙera fitila ko gilashi; biyan kuɗinsu yake yi duk lokacin da aka yi karo. Idan kayan gyara suka yi tsada diyya ta hau, kamfani kuwa ba zai haɗiye asara shi kaɗai ba. Raba ta zai yi a kan kowa, har da direban da bai taɓa gogar motar wani ba. Sai dai ƙarin ba ya zuwa nan take: a jihohi irin su Kalifoniya sai hukuma ta amince, kuma bayan wata 6 ko shekara ake sabunta inshora. Kafin takarda ta iso, mai mota ya manta da batun haraji, kamfanin zai zaga.

Mu ma abin ya shafe mu. Idan kuɗin gyara ya kusa darajar mota, kamfani kan biya mai ita ya kai ta gwanjo, inda dillalanmu ke sayowa. Ina hasashen irin waɗannan motoci masu tabon haɗari za su ƙaru a tashoshin Tin Can da Kwatano.