Jagora ba tafinta ba ne: aikin hutu a kan hanyar Gadabeji

Duk shekara idan aka rufe makarantu aka shiga babban hutu, ɗaliban lise da na jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi sukan cika tasha da jakunkunansu, kowa ya kama hanyar gida. Wanda ya sauka a Sabon Maci, ko Kornaka, ko Dakoro, ya san abin da ke jiran sa: hauya da gonar mahaifinsa. In ya taki sa'a ya sami babur na wani ya yi kabu-kabu, ko ya tsare wa kawunsa shago ranar kasuwa. Ba wanda zai raina wannan, don da shi ake sayen littattafan komawa aji. Amma akwai wani aikin hutu da ba ya zuwa a ran kowa a yankinmu, alhali kuwa hanyar da ta ratsa Sabon Maci ta nufi arewa ita ce ke kai mutum wurinsa. Ina nufin aikin jagorancin baƙi masu yawon buɗe ido a cikin daji.

A wasu ƙasashe wannan aiki tsohon abu ne ga matasa. A jihar Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka, akwai wani gandun daji mai suna Denali inda ba a barin motocin jama'a su wuce kilomita 24 na farkon hanya a lokacin zuwan baƙi. Daga nan sai a bas, kuma a wasu bas ɗin direba shi ne mai bayani: yana tuƙi, yana nuna dabbobi, yana amsa tambayoyi. Aikin na ƴan watanni ne, da sanyi ya kawo kai sai kowa ya watse.

To, mu ma ba baƙi ba ne ga wannan sana'a. Tun kafin mota, ayarin fatake ba ya tashi sai da madugu uban tafiya, da jagaba mai shiga gaba. Kalmar madugu har Abzinawa sun ɗauke ta, da ita suke kiran shugaban ayarin raƙuman da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma don ɗauko gishiri da dabino. Daga cikin ƴaƴan waɗannan mutane ne aka sami jagororin da suka sa sunan Agadas ya zagaya duniya a shekarun 1980, lokacin da tseren motoci na Paris-Dakar ke bi ta can. Sananne a cikinsu shi ne Mano Dayak, mai kamfanin Temet Voyages, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin shugabannin tawaye, ya rasu a hatsarin jirgin sama ranar 15 ga Disamba 1995. Sunansa ne filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da shi.

Ya kamata mu tsaya kaɗan mu dubi yadda aikin yake, don mutane da yawa sun ɗauka wanda ya iya Faransanci ya gama. Ayarin baƙi yakan fita da kat-kat biyu ko fiye, don mota ɗaya ba ta shiga Tenere ita kaɗai. Akwai direba, wanda dole ya zama makanike, ya san lokacin da ake rage iskar taya kafin a hau tudun rairayi, da yadda ake tono mota idan ta kafe. Akwai mai dafa abinci, wanda ke gasa gurasa a cikin rairayi da toka. Sa'an nan jagora. Shi ne ke ƙidaya jarkokin ruwa da na mai kafin a tashi, shi ne ke sanin rijiyar da ke da ruwa da wadda ta ƙafe, shi ne ke zaɓen masauki inda iska ba za ta dame su ba. Idan an isa zango, shi ke fara sauka ya gaida masu wurin, ya nemi izini kafin wani ya ɗaga kyamara. Yana lura da fuskar kowane baƙo, ya gane wanda rana ta fara yi wa illa tun shi bai sani ba. Bayani kan zanen raƙuman dawa da mutanen da suka sassaƙa a dutsen Dabus, ko kan lambunan Timiya, ko kan itacen Tenere da wata babbar mota ta kayar a 1973 aka kai gawarsa gidan tarihi na Yamai, duk wannan yana zuwa ne bayan an tabbata kowa zai koma gida da ransa. Faransanci kuwa, da yawa daga cikin gwanayen ba su taɓa zama a aji ba, a bakin baƙi suka tsince shi.

Abin da ya sami wannan sana'a kowa ya sani. Tawayen farko ya dakatar da ita har zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Ta farfaɗo, jirage suna sauke baƙi a Agadas kai tsaye daga Faransa, sai tawayen 2007 ya sake rufe ƙofa, satar ma'aikata a Arlit a watan Satumba 2010 ta sa kwaɗo. Direbobin da suka san hamada kamar tafin hannunsu ba su zauna ba: wasu suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya har dokar 2015 ta haramta, kafin a soke ta a Nuwamba 2023, wasu suka nufi haƙar zinariya a Jado daga 2014. A kudu kuma, ranar 9 ga Agusta 2020, ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a yankin raƙuman dawa na Kure: Faransawa shida ma'aikatan agaji, direbansu, da shugaban ƙungiyar jagororin wurin. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. A 2025 ma an sace Turawa a cikin garin Agadas. Saboda haka duk wanda ya ce wa matashin Sabon Maci ya zauna jiran jirgin Turawa, yaudarar sa yake yi.

Ga inda nake so mu juya mu dubi ƙofar gidanmu. A arewacin Dakoro, bayan an haye kwarin Tarka an shiga ƙasar makiyaya, akwai gandun dajin Gadabeji, wanda yanzu ke cikin gundumar Barmo. An keɓe shi tun 1955, faɗinsa kadada 76.000, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa shi a jerin wuraren da duniya ke kula da halittunsu. Maririn da aka so karewa a can ya ɓace tuni, raƙuman dawa ma sun ƙare a shekarun fari na 1970. Amma a watan Nuwamba 2018 aka ɗauko raƙuman dawa takwas daga Kure, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su a mota, aka sake su a Gadabeji. A 2022 aka ƙaro huɗu. Irin wannan raƙumin dawa mai farar fata babu shi a ko'ina a duniya sai Nijar. A 1996 guda 49 kacal suka rage, kafin kulawa ta sa su haura 600. Ina tambayar ma'aikatan da ke karanta wannan shafi a ofisoshin Maraɗi: mutum nawa ne a cikinku suka taɓa ganin raƙumin dawa da idonsu, ba a jikin kalanda ba?

Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Lokacin baƙin Turawa shi ne lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ɗalibi ke cikin aji. Shi ya sa a zamanin Agadas ma aikin jagora bai taɓa zama aikin hutun ƴan makaranta ba. Babban hutunmu da damina yake zuwa. Amma damina ita ce lokacin da arewa ke yin kyau: ciyawa ta rufe tuddai, tafkuna sun cika, garkunan jajayen shanun Woɗaaɓe masu dogayen ƙaho suna haurawa, ana shirin taron gishirin dabbobi na Ingal a watan Satumba da bukukuwan gerewol. A daidai wannan lokaci ne malamin makaranta ke hutu, ma'aikaci ke ɗaukar nasa, yara na gida suna damun iyaye. Wato baƙon da ya dace da hutun ɗalibinmu ba Bature ba ne, mu ne. Alhajin da ke iya kai iyalinsa Dubai, ko ma'aikacin da ke kashe jikkuna masu yawa a bikin da ba nasa ba, ba zai rasa kuɗin man mota na kwana biyu ba. Abin da ya hana shi shi ne raini: a wurinmu daji wurin wahala ne da aka gudo daga cikinsa, wanda ya koma don kallo sai a ce ya rasa aikin yi.

Sai dai kada ɗan lise ya ɗauka takardarsa ta ishe shi. Yaron Sabon Maci ɗan manomi ne, ya san gero da wake da lokacin shuka, amma arewacin Tarka wata duniya ce, wadda dokar 1961 ta ware wa kiwo. Idan baƙo ya nuna itace ya ce mene ne wannan, dole ya iya raba aduwa da ɗanya, da jiga, da kandili, ya faɗi wanda raƙumin dawa ke ci, ya ba da labarin yadda anza ta ceci mutane a shekarun yunwa. Dole ya raba sawun barewa da na akuya, ya san ba a tunkarar dabba da hayaniya, ya san gaisuwar Fulatanci da ta Buzanci ko da kalma goma ce. Wannan ilimi ba ya cikin littafin kowane aji. Yana wurin makiyayin da uban ɗalibin ya yi rigima da shi bara a kan ɓarnar gona, yana kuma wurin ma'aikatan gandun daji da ke sintiri a can. Sai da ɗan gari akan ci gari. A ganina hutun farko gaba ɗaya na koyo ne: ɗalibi ya zama yaron mota, ya ɗauki jarka, ya dafa shayi, ya riƙe littafi yana rubuta sunayen itatuwa da rijiyoyi cikin harsuna uku. Kuma idan kuɗi suka shigo, rabon mai nuna hanya ya fi na mai magana, in ba haka ba za mu maimaita abin da aka sha yi wa mutanen karkara, a ɗauki hotonsu a bar su da ƙura.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce hanya ba ta da kyau, kuma gaskiya ne: bayan Dakoro ba tafiyar babban kar ba ce, aikin kat-kat ne, da damina kuma kwari kan tsare mota. Za a ce tsaro, wannan ma gaskiya ne, ba wanda zai ɗebi ƴan makaranta ya shiga daji ba tare da sanin hukumar Barmo da masu kula da gandun ba, kuma ranar da suka ce kada a je, ba a zuwa. Za a ce wa zai yi noma idan samari sun tafi yawo. Amsar ita ce ba gari guda za a kwashe ba, mutum biyar ko shida ake magana, kuma bayan noman biyu hannu yakan ɗan sami sarari.

Abin da ake bukata a farko bai fi ƙarfin wata ƙaramar hukuma ba. Magajin garin Sabon Maci da takwarorinsa na Dakoro da Gadabeji su zauna da ma'aikatar muhalli, a zaɓi ɗalibai kaɗan, a haɗa kowanne da wani dattijon makiyayi, a tsayar da farashi a rubuce don kada baƙo ya yi ciniki da yaro a tsakiyar daji. Ƴan kasuwa masu kat-kat da ke ajiye a gareji su ba da haya. Ayarin farko kuma kada a nemo shi da nisa: malaman makarantun Maraɗi da ke koya wa yara darasin dabbobin Nijar, a fara da su, mota biyu, a tashi da asuba daga Maraɗi, a karya kumallo a Sabon Maci inda jagororin za su hau.