Tankar Kwamfuta da Gidan Dara

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wani wasan kwamfuta mai suna Robocode, wanda Mathew Nelson ya ƙirƙira, kamfanin IBM ya fito da shi a 2001. A cikinsa ba mutum ne ke tuƙa tankar yaƙi ba. Shi dai umurni zai rubuta mata, sa'an nan ya sake ta a fage ta yi ta kanta: ta hango abokan gaba, ta kauce wa harsashi, ta guji karo da bango. Kowane harbi yana rage mata ƙarfi, watau tankar da ke ɓarin wuta barkatai kanta take kashewa.

To, wasu daga cikinmu suna ganin irin wannan dabara sai Turawa, Bahaushe ba shi da ta cewa. Wannan kuwa rashin sanin gida ne. A je Tiga, ko Kiru, ko Bebeji, a zauna wurin dattawa masu dara. Gida talatin ne, kowa da 'ya'ya goma sha biyu. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa, amma jera huɗu ba ci ba ne. Gwani tun wajen kasawa yake tanadin hanyar da zai bi, yana toshe ta abokinsa. Me ake son koya wa tankar nan in ba wannan ba?

Na san za a ce dara ba ta da harsashi. Gaskiya ne. Amma ai darar Turawa ma ba ta da shi, ga shi kuwa dominta aka gina Deep Blue, wadda ta kayar da Garry Kasparov a 1997. A 2016 kuma AlphaGo ta ci Lee Sedol sau huɗu cikin biyar a wasan Go, wanda asalinsa daga ƙasar Sin ne. Su sun daɗe da rubuta ƙa'idojin wasanninsu da karawar gwanayensu, shi ya sa na'ura ta sami abin dogaro. Mu namu yana cikin kawunan tsofaffi, yara kuwa sun koma kan waya.

Saboda haka aikin yana wuyanmu, mu masu nazarin Hausa. Duk wanda ya je hutu Tudun Wada ko Doguwa, ya rubuto ƙa'idojin darar garinsu, da sunayen dabaru, da yadda karawa ta gudana ɗa bayan ɗa. Sai mu miƙa wa 'yan sashen kwamfuta su gina mutum-mutumin da zai kara da gwanayen. In muka yi sake dattawan nan suka tafi da saninsu, to dara ta ci gida. Allah ya sa mu farga, amin.