Ƙurar Garke Da Ciwon Asma

A jihar Indiyana ta Amurka akwai wata al'umma da ake kira Amish. Manoma ne da har yau suke huɗa da dawakai, garkensu kuma daf yake da ƙofar gida, yara na shiga suna fita cikin shanu tun suna ƙanana. Can a Dakota ta Kudu akwai wasu manoman, Hutterite. Dukansu daga Turai kakanninsu suka fito, suna haihuwa da yawa, suna shayar da nonon uwa, suna kai yara rigakafi. Sai dai su Hutterite sun koma noman injina, dabbobinsu na can nesa da inda yara suke wasa.

A 2016 mujallar likitoci ta New England ta buga abin da aka gani: kusan kashi 5 cikin ɗari na yaran Amish ne ke da asma, su kuwa yaran Hutterite kashi 21. Da aka auna ƙurar ɗakunansu, sai aka tarar ta Amish ta ninka ɗayar kusan sau bakwai wajen ɓurɓushin bakteriya. Aka shaƙa wa ɓeraye ƙurar gidajen biyu. Ta Amish ta kare su daga asma, ta Hutterite ba ta kare su ba.

Dalilin shi ne garkuwar jiki koyo take yi. Jariri na karɓar ƙwayoyin halitta daga jikin mahaifiyarsa lokacin haihuwa, daga nono, daga ƙasa da dabbobi, kuma mafi yawansu ba su da illa. Su ne ke koya wa garkuwar wanda za ta kai wa hari da wanda za ta ƙyale. Wadda ba ta samu wannan horo ba kamar mai gadi ne da bai san 'yan gida ba, kowa ya taho sai ya ɗaga sanda. Sai ta afka wa ƙura, ko gyaɗa, ko ƙwai, a wayi gari da atishawa, borin jini ko numfashi mai fito. Tun 1989 wani mai bincike, David Strachan, ya lura, a cikin yaran Birtaniya fiye da 17,000, cewa masu yayye da yawa ba su cika fama da atishawar furanni ba.

Maganar ba ta Turawa kaɗai ba ce. A 2010 an gwada hanjin yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso da na yaran Florence ta Italiya. Na ƙauyen, masu cin gero da dawa da wake da ganye, sun fi yawan nau'o'in bakteriya, musamman masu narka dusa su fitar da sinadaran da ke kwantar da kumburin hanji. A Kumasi kuma an ga alamun asma sun ƙaru tsakanin 1993 da 2003, kuma 'ya'yan masu hali na birni sun fi na karkara fama.

Kada kowa ya ɗauki wannan a matsayin lasisin ƙazanta. Kwalara da taifod da gudawa na kashe yara, don haka wanke hannu, ruwa mai tsabta, tafasa madara da rigakafi suna nan daram. Asma ma tana da wasu dalilan, irin su gado da hayaƙin itace da na janareto.

Inda abin ya fi shafar gidajen Hausawa shi ne kemis. Yaro ya yi mura, uwa ta aika a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali mura bairos ce, maganin ba ya taɓa ta. Abin da yake kashewa su ne ƙwayoyin hanjin da jaririn ke buƙata, kuma bincike da dama ya danganta yawan shansa a shekarun farko da ƙarin haɗarin asma. Haka nan kunun gero da ɗanwake na ba biskit da taliyar leda wuri a kwanon yara, alhali dusar da ke cikinsu ce ƙwayoyin hanji ke narkawa.

Iyaye su daina ba jarirai irin wannan magani sai likita ya rubuta, masu kemis su daina sayar da shi ba takarda, a kuma shayar da nonon uwa zalla na wata 6.