Ƙurajen Saiwar Gyaɗa Ba Ciwo Ba Ne

Hutun da ya wuce ina taya Baba cirar gyaɗa, sai ƙanena ya nuna min wasu 'yan ƙuraje a jikin saiwar, wai ciwo ya shigo gonar. Ni ma haka na ɗauka kafin in shiga jami'a.

Ashe gidaje ne na wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira Rhizobium. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya cin sa haka nan. Su ne ke juya shi ya zama taki, gyaɗar kuma ta biya su da sukari. Ka fasa ƙurji ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, suna bakin aiki. Wake da waken suya ma suna da nasu.

Wasu kuma, irin su Bacillus, mamaye saiwa suke yi, su hana masu kawo ruɓa wurin zama, su kuma zaburar da garkuwar shukar.

Na ce wa Baba kada ya zabga wa gyaɗa yuriya, domin in ta yi yawa ƙurajen kan ƙi fitowa. Ya dube ni ya ce, da tsadar nan, ai da ma masara ya saya wa.